Me ya sa ake fifita Reggie White a kan Bruce Smith alhali Smith ya fi shi yawan kaye?

Wani ɗan'uwa da bai daɗe da fara kallon ƙwallon Amurka ba, wato gasar NFL, ya rubuto yana cewa: "Na duba jerin waɗanda suka fi kayar da kwatabak a tarihi, na ga Bruce Smith yana da 200, Reggie White yana da 198. To me ya sa tsofaffin masu kallo suke cewa ba a taɓa yin kamar White ba a sahun gaba na tsaro? Wane ne shi, kuma me ya yi?"

Malam, lissafinka daidai ne, tsofaffin nan kuma ba son kai ne ya sa su faɗi haka ba. Ni ma ina tare da su. Fara da ƙara lamba ɗaya a gefen waɗanda ka gani. Bruce Smith ya tara 200 ɗinsa a wasanni 279 cikin kaka 19. Reggie White ya tara 198 a wasanni 232 cikin kaka 15. Tazarar wasanni 47 ke nan, kusan kaka uku cur, amma bambancin kaye biyu ne kacal. Sannan akwai kaye 23.5 da White ya yi a wata gasa kafin ya shigo NFL, waɗanda ba a sa su cikin jerin da ka duba. Wannan shi ne sassauƙan ɓangaren amsar. Ɓangaren da ya fi nauyi ba ya cikin lambobi, sai an fahimci aikin da mutumin yake yi a fili.

A wannan wasa kowane ɓangare yana da mutum 11. Masu hari suna da dama huɗu su ci yadi 10 na ƙasa. In sun ci, a sake ba su huɗu, in sun kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Kwatabak shi ne madugun hari, shi ke karɓar ƙwallo a farkon kowace dama, ko dai ya miƙa wa mai gudu, ko ya ja da baya ya jefa ta ga wani a gaba. Gabansa akwai ƙarti biyar da aka jera don su kare shi, bari mu kira su 'yan katanga. Waɗanda ke durƙushe suna fuskantarsu, hanci da hanci, su ne sahun gaba na tsaro, a nan ne White ya yi rayuwarsa. Idan ɗayansu ya ratsa katangar ya kai kwatabak ƙasa tun ƙwallo tana hannunsa, wannan shi ne abin da nake kira kaye a nan. Kaye ɗaya yana cinye dama ɗaya, yana mayar da masu hari baya da yadi shida ko bakwai, wani lokaci ƙwallon ma ta suɓuce. Idan mutum biyu suka yi tarayya a kayen, kowa ya samu rabi, shi ya sa kake ganin lambobi irin su 23.5. Lokacin da ake da shi kuwa ƙanƙane ne, domin kwatabak nagari yana rabuwa da ƙwallo cikin daƙiƙa uku ko ƙasa da haka. A cikin wannan ɗan taƙi za ka ture mutumin da ya kai kilo 135 ko ya fi, ka yi taku bakwai ko takwas, ka kama wani da shi ma ba tsayawa zai yi yana jiranka ba.

Abu biyu za ka riƙe game da zamanin da White ya zo. Na farko, sai a 1982 NFL ta fara ƙidaya kaye a hukumance, don haka irin su Deacon Jones na Los Angeles Rams, wanda shi ya yayata sunan da Amurkawa ke kiran kayen da shi, ba sa cikin jerin hukuma. Na biyu, a ƙarshen shekarun 1970 an sauya dokoki don a taimaki masu hari. A 1977 aka hana marin ɗan katanga a kai, makamin da Jones ya yi suna da shi, a 1978 kuma aka ƙyale 'yan katanga su miƙe hannuwansu su buɗe tafi suna tare mutum. White ya iske filin an riga an karkata shi ga abokan karawarsa.

An haife shi ranar 19 ga Disamba 1961 a Chattanooga, jihar Tennessee. Yana ɗan shekara 17 aka naɗa shi mai wa'azi a cocin Baptist, kuma daga nan laƙabinsa ya samo asali. A jami'ar Tennessee aka fara kiransa Ministan Tsaro, saboda a Turanci kalmar minista tana nufin limamin coci kamar yadda take nufin ministan gwamnati. A kakarsa ta ƙarshe a jami'a, 1983, ya yi kaye 15. Da ya gama sai ya zaɓi wata sabuwar gasa mai suna USFL da ke wasa a bazarar Amurka, wadda take zuba kuɗi don ta ƙwace matasa daga hannun NFL. Ya yi kaka biyu da Memphis Showboats a jiharsa. Da gasar ta fara tangal-tangal a 1985, Philadelphia Eagles, waɗanda suka riga suka mallaki haƙƙin ɗaukarsa, suka kawo shi bayan an riga an buga wasanni uku na kakar. A wasansa na farko, da New York Giants, ya yi kaye biyu da rabi. Ya ƙare shekarar da 13 a wasanni 13, bayan ya riga ya buga cikakkiyar kaka a USFL a farkon shekarar.

Daga nan ga yadda shekarunsa na Filadelfiya suka tafi: 18 a 1986, 21 a 1987, 18 a 1988, sannan 11, 14, 15, 14. Jimla 124 a wasanni 121. Kaka takwas mutum yana yin sama da kaye ɗaya a kowane wasa in aka raba daidai. Ka dubi 1987 da kyau, domin a ganina ita ce kaka mafi girma da wani ɗan sahun gaba ya taɓa yi. A shekarar 'yan wasa suka tafi yajin aiki, aka soke mako ɗaya, aka buga makonni uku da 'yan wasan aro. White bai karya yajin ba, saboda haka wasanni 12 kawai ya buga. Matsayin da ba a taɓa wucewa ba a lokacin shi ne 22, na Mark Gastineau, wanda ya yi shi a wasanni 16. White ya zo 21 da wasanni huɗu ƙasa da haka. A wasan farko na kakar, da Washington, ya fizge ƙwallo daga hannun kwatabak ɗinsu Doug Williams ya ruga yadi 70 ya ci, mutum mai kilo sama da 130. Shi aka zaɓa gwarzon mai tsaro na gasar a shekarar.

Yanzu bari in shiga yadda yake yin abin, domin a nan ne ya bambanta da kowa. Tsayinsa ƙafa 6 da inci 5, kusan mita 1.96, ana kuma ruwaito yana cin yadi 40 cikin daƙiƙa 4.6. Masu kai wa kwatabak farmaki galibi kashi biyu ne. Akwai masu sauri da ke zagaye ɗan katanga ta waje, akwai masu ƙarfi da ke bi ta kansa. Ɗan katanga yana shiryawa gwargwadon wanda zai fuskanta: in mai sauri ne ya yi maza ya ja da baya ya rufe gefe, in mai ƙarfi ne ya kafa ƙafa ya rage tsawo ya jira karo. Da White babu zaɓi mai kyau. Ka ja da baya da sauri, nauyinka yana kan diddige, ya zo ya sa maka hannu biyu a ƙirji ya tura ka har cikin kwatabak ɗinka. Ka kafe ka jira shi, ya wuce ta kafaɗarka.

Daga wannan tsaka mai wuya ya fitar da dabarar da ake danganta shi da ita har yau. Yawanci yana tsayawa a ƙarshen sahu ta hagu, yana fuskantar ɗan katangar dama. Sai ya tashi da gudu kamar zai zagaya ta waje, taku biyu ko uku. Dole ɗan katangar ya bi shi, ya juya ƙugu, nauyinsa ya karkata waje. A daidai wannan lokaci, yayin da ƙafar mutumin take sama ba ta sauka ba, White sai ya dasa ƙafarsa ta waje, ya zura hannun dama ƙarƙashin hammatar mutumin, ya ɗaga shi ya jefa shi can inda dama yake nufa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin kokawa ya san wannan hikima: ba ka ɗaga ƙato da ƙarfin damtse kaɗai, jira kake yi ya ba ka nauyinsa, sai ka ƙara masa a hanyar da ya riga ya kama. Ƙarfin yana fitowa ne daga ƙafa da ƙugu, hannun isar da saƙo kawai yake yi. Masu horarwa sun shafe shekaru suna koya wa matasa wannan dabara, ni ma na sha zama ina mayar da bidiyon baya ina ƙirga takunsa. Matakan ba su da wuyar fahimta. Abin da ya gagara shi ne samun mutumin da saurinsa zai tsorata ɗan katanga har ya karkata da gaske, kuma ƙarfinsa ya isa ya jefar da kilo 140 da hannu ɗaya. In babu na farko, mutumin ba zai motsa ba. In babu na biyu, za ka zura hannu ka maƙale.

Mai horarwa Buddy Ryan, wanda ya zo Eagles a 1986 bayan ya gina shahararren tsaron Chicago Bears na 1985, ya gane abin da ke hannunsa. Ba ya barin White wuri ɗaya. Wani lokaci a gefe, wani lokaci a ciki, wani lokaci ya ɗora shi a kan ɗan tsakiyar da ke miƙa ƙwallo, wanda hannunsa ɗaya yake a tsakanin ƙafafunsa a lokacin da aka tashi. Masu hari sai sun nemo inda lamba 92, lambar rigarsa, take kafin su san tsarin da za su kira. Maganin da suka samu shi ne su sa masa mutum biyu, wani lokaci uku. Ka ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma a wasan mutum 11 duk wanda ka ƙara wa White daga wani wuri ka ciro shi. Clyde Simmons, wanda ke ɗaya gefen, ya jagoranci gasar da kaye 19 a 1992. A shekarun da suka gabaci wannan, Jerome Brown yana ciki yana wargaza tsakiya. Wannan riba da abokan wasa ke ci saboda kasancewarka ba ta bayyana a gaban sunanka a kowane jeri.

A 1991, ƙarƙashin Bud Carson mai tsara tsaro, Eagles suka zo na ɗaya a gasar wajen hana yadi ta gudu, da ta jifa, da kuma jimla. A watan Satumba na shekarar sun kayar da Troy Aikman, kwatabak ɗin Dallas, sau 11 a wasa guda, aka tashi 24 da 0. Amma kwatabak ɗinsu, Randall Cunningham, ya ji rauni a gwiwa tun wasan farko, suka ƙare da nasara 10 da rashin nasara 6, ba su ko kai wasannin sili-ɗaya-ƙwale ba. Wannan shi ne ciwon shekarunsa a Filadelfiya. An fitar da su a wasan farko na sili-ɗaya-ƙwale a 1988, cikin hazon Chicago da ya hana 'yan kallo ganin fili, haka a 1989 da 1990. A kaka takwas wasan sili-ɗaya-ƙwale guda kawai ya ci da su, a kan New Orleans a ƙarshen kakar 1992. Kafin wannan kakar kuma, ranar 25 ga Yuni 1992, Jerome Brown ya rasu a hatsarin mota a Florida yana ɗan shekara 27. White ne ya sanar da mutuwar ga dubban mutane a filin wasan Veterans, inda aka gayyace shi ya yi magana a taron wa'azin Billy Graham.

Sai mu zo kan abin da ko ba ka kallon wasan ya kamata ka san sunansa saboda shi. Har zuwa farkon shekarun 1990, ɗan wasan NFL da kwantiraginsa ya ƙare ba shi da 'yancin zaɓar inda zai koma. Kulob yana iya riƙe manyan 'yan wasansa, duk wanda ya so ɗauka sai ya biya diyya mai nauyin da ba wanda ke son biya. Yajin aikin 1987 bai samo komai a kan wannan ba. Sai 'yan wasa suka koma kotu da dokar hana babakere a kasuwa. A 1992 masu taya alƙali yanke hukunci a Minneapolis suka ce tsarin da ake bi ya saɓa wa doka, a ƙarar da Freeman McNeil ya jagoranta. Bayanta aka shigar da wata ƙara a madadin 'yan wasa baki ɗaya, sunan Reggie White ne a kanta. Aka sasanta a 1993 a gaban alƙali David Doty: ɗan wasan da ya cika wasu shekaru a gasar yana da 'yancin tafiya inda ya so idan kwantiraginsa ya ƙare, su kuma masu kulob suka samu ƙayyade jimlar albashin da kowane kulob zai iya biya, wanda ya fara aiki a 1994. Mai bin ƙwallon Turai zai tuna hukuncin Bosman na 1995, wanda ya bai wa 'yan wasa damar tafiya kyauta bayan ƙarewar kwantiragi. Bambancin shi ne Jean-Marc Bosman ɗan wasa ne da ba a san shi ba sosai, shi kuwa White shi ne mai tsaro mafi daraja a gasar lokacin da ya sa sunansa.

Da ya samu 'yancin, kulob-kulob suka yi ta zawarcinsa, mutanen Filadelfiya suka yi gangami suna roƙon a riƙe shi. Ya ce zai je inda Allah ya nufe shi. A watan Afrilu 1993 ya sa hannu da Green Bay Packers, shekara huɗu a kan dala miliyan 17. Mutane suka yi mamaki, wasu suka ce kuɗi ne kawai, kuma gaskiya ne tayin Green Bay yana da tsoka. Amma ka san wane irin wuri ne. Gari ne mai mutane kimanin 100,000 a jihar Wisconsin, mafi ƙanƙanta a cikin garuruwan gasar, ga sanyi mai tsanani, ga baƙaƙen fata 'yan kaɗan. Tun bayan da mai horarwa Vince Lombardi ya ci musu Super Bowl biyu na farko, wato wasan ƙarshe na cin kofi, kulob ɗin sau biyu kawai ya kai sili-ɗaya-ƙwale, a 1972 da 1982. Tsoron da ake yi a lokacin shi ne sabon 'yancin zai kashe ƙananan garuruwa, taurari su tattare a manyan birane. Babban tauraro na farko da ya samu zaɓi sai ya nufi mafi ƙanƙanta. Dalili ɗaya da shi kansa ya bayar ya faru ne a Nuwamba 1992: ya danne wani matashin kwatabak na Packers mai suna Brett Favre har kafaɗarsa ta hagu ta goce, yaron ya ƙi fita, ya ci wasan 27 da 24. White ya ga mutumin da za a iya cin kofi da shi. Bayan zuwansa wasu gogaggu suka biyo, irin su Sean Jones, Keith Jackson, Santana Dotson da Eugene Robinson.

Akwai wasa ɗaya a Green Bay da nake so ka nema, domin yana nuna rabin aikin da jerin kaye ba ya ƙirgawa. Ranar 31 ga Disamba 1994, Detroit Lions suka zo filin Lambeau da Barry Sanders, wanda ya ci yadi 1,883 da gudu a kakar, mutumin da kama shi kamar kama kifi da hannu ne. Fritz Shurmur mai tsara tsaron Packers ya ɗauke White daga gefe ya sa shi a ciki don ya toshe tsakiya. Sanders ya ɗauki ƙwallo sau 13, jimlar abin da ya samu ita ce asarar yadi ɗaya. Packers suka ci 16 da 12. Da yawa daga cikin masu yawan kaye ba sa son aikin tare masu gudu, domin aiki ne na shan duka ba tare da suna ba, har akan nufi gefensu da gangan. Gefen White guje masa ake yi.

Dallas ta fitar da Packers a sili-ɗaya-ƙwale shekara uku a jere. Sai 1996, inda Packers suka fi kowa cin maki kuma suka fi kowa hana maki. Ranar 26 ga Janairu 1997 a New Orleans suka haɗu da New England Patriots a Super Bowl na 31. A zango na uku Patriots suka matso, saura maki shida. Desmond Howard na Packers ya karɓi bugun da ya biyo baya ya ruga yadi 99 ya ci, aka koma 35 da 21. Har yanzu akwai lokacin da za a iya farkewa. A harin da ya biyo, White ya kayar da kwatabak ɗin Patriots Drew Bledsoe sau biyu a jere, a ɗaya daga ciki ya jefar da ɗan katanga Max Lane gefe da waccan dabara tasa. Ya ƙara na uku dab da tashi. Kaye uku a Super Bowl, ba wanda ya taɓa yi a hukumance kafinsa, yana ɗan shekara 35. Ba a sake cin ko maki ɗaya ba a wasan. Kofin farko ke nan da garin ya gani cikin shekara 29, shi kuma na farko a rayuwarsa. Shekarar da ta biyo sun koma, Denver ta doke su 31 da 24.

A 1998, da ciwon baya, ya yi kaye 16, aka sake zaɓarsa gwarzon mai tsaro, shekara 11 bayan na farko. Ya bar Green Bay da 68.5, ya yi ritaya, ya dawo a 2000 ya yi kaka ɗaya da Carolina Panthers inda ya samu 5.5 kawai, a wannan shekarar jikin ya riga ya tafi. An zaɓe shi zuwa wasan taurari sau 13 a jere, daga 1986 zuwa 1998.

Dole in yi wa Bruce Smith adalci, domin masu goyon bayansa suna da hujja ta gaske. A Buffalo ya yi yawancin shekarunsa a tsarin da ke sa mutum uku kawai a sahun gaba, inda ɗan gefe yake fama da mutum biyu a matsayin aikinsa na yau da kullum, kuma ba a tsara wurin don tara kaye ba. Sannan yana fuskantar ɗan katangar hagu, wanda galibi shi ne mafi ƙwarewa a kulob saboda yana kare bayan kwatabak. Shi ma sau biyu ya zama gwarzon mai tsaro, a 1990 da 1996, ya kuma kai Super Bowl huɗu a jere. Wanda ya ce Smith ne na ɗaya ba zan ce bai san wasa ba. Abin da ya raba mini su shi ne, Smith ya wuce 198 ne a Disamba 2003 yana ɗan shekara 40 a Washington, bayan shekarun da ƙarfinsa ya ragu, kuma a shekarun ganiyarsu biyun ban ga kakar Smith da zan ajiye kusa da 1987 ta White ba. Wanda ya fi ba ni wahala a wannan muhawara shi ne Aaron Donald na Rams, da ya zama gwarzon mai tsaro sau uku yana wasa a ciki inda cunkoso ya fi yawa. Kaka goma ya yi ya tafi. White ya yi goma sha huɗu a sama, a ciki da waje.

Game da mutumin kansa, ba a san shi da zagi a fili ba, yana wa'azi a titunan Filadelfiya, kuma shi ne uban ɗakin sauya kaya a duk inda ya je. A Janairu 1996 aka ƙona cocin da yake hidima a Knoxville, mutanen Wisconsin suka tara masa gudummawa mai yawa. Amma yana da tabo. A Maris 1998 aka gayyace shi ya yi jawabi a majalisar dokokin jihar Wisconsin, ya yi ta jera kabilu da launuka yana faɗin baiwar kowanne da kalamai na kuɗin goro, ya kuma yi Allah wadai da luwaɗi. Jawabin ya tayar da ƙura a ƙasar, gidan talabijin na CBS ya janye aikin sharhi da yake shirin ba shi. A fahimtata haɗin kai yake nufi da maganar kabilun, amma yi wa al'umma guda hukunci da siffa ɗaya kuskure ne ko da yabo aka nufa, kuma mutumin da aka ƙona masa coci ya fi kowa sanin haka. Bayan ritayarsa ya ja baya daga mumbari, ya duƙufa koyon Ibrananci don ya karanta Attaura da harshenta, yana cewa ya daɗe yana wa'azin abin da bai yi zurfin bincike a kansa ba.

Ya rasu da safiyar 26 ga Disamba 2004 a jihar North Carolina, mako ɗaya bayan ya cika shekara 43. Binciken likita ya nuna bugun zuciyarsa ne ya rikice, sakamakon cutar sarkoyidosis da ta taɓa huhunsa da zuciyarsa, ana kuma ganin ɗaukewar numfashi a cikin barci, wadda yake fama da ita, ta taimaka. Matarsa Sara ta shiga kafa gidauniya da sunansa don wayar da kai kan cututtukan barci. A 2005 jami'ar Tennessee da Eagles da Packers duk suka jingine lamba 92, ba wanda zai sake sa ta. A 2006, shekarar farko da ya cancanta, aka shigar da shi zauren karrama gwarazan wasan da ke Canton a jihar Ohio. Ɗansa Jeremy ne ya gabatar da shi, Sara ta yi jawabi a madadinsa.